Kafin Ka Sauya wa Wayarka Riga, Ka Nemi Shawarar Idonka

Batunmu na yau da yawa za su ɗauke shi wasan yara, wato kwalliyar fuskar waya: launin bayanta, salon haruffanta, da siffar tamburan manhajojin da ke jere a kanta. Ni kuwa ina ganin batu ne na lafiya, domin duk abin da ido zai wuni yana kallo ya cancanci a zaɓe shi da irin natsuwar da ake zaɓen tabarau.

Wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu, irin su Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfanin Transsion na ƙasar Sin ke ƙerawa, da kuma Samsung, suna zuwa da wani ɗan kanti a cikinsu inda ake sauke irin wannan kwalliya, wasu kyauta, wasu da kuɗi. Kafin ka sauke, za a nuna maka hoton yadda wayarka za ta koma. A nan gizo ke saƙar. Hoton gwajin yakan ƙunshi agogo mai manyan lambobi, da fure ko sararin samaniya, da kalmomi uku ko huɗu na Turanci. Babu dogon saƙo a ciki, babu lambar asusu, babu Hausa ko kalma ɗaya. Kai kuma ka dube shi na daƙiƙa goma a cikin inuwa, ka ce ya yi. Wannan shi ne cinikin biri a sama, domin abin da aka nuna maka daban, aikin da idonka zai riƙa yi kullum daban.

Abu na farko da kwalliya ke cinyewa shi ne tazarar haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa. Wannan tazara tana da ma'auni. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da ƙa'ida a 2008 cewa rubutu na yau da kullum ya kamata ya bambanta da bayansa da aƙalla kashi 4.5 bisa 1, manyan haruffa kuma 3 bisa 1. Baƙin rubutu a kan fari tas yana kai wa 21 bisa 1. Rubutu ruwan toka mai haske a kan ruwan hoda, wanda 'yan mata ke so, ko shuɗi a kan baƙi, wanda samari ke ganin burgewa, sau da yawa ba sa ko kusantar mafi ƙarancin ma'aunin. A ɗaki mutum zai iya lallaɓawa ya karanta. Amma ya fito tsakar rana a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maraɗi, sai ya ga rubutun ya narke, ya koma yana ƙanƙance ido yana kare wayar da tafin hannu. Haka nan masu sa hoton 'ya'yansu ko na kansu a bayan rubutu: hoton yana da kyau, Allah ya raya, amma kowane harafi sai ya yi kokawa da zanen atamfa kafin ya iso ido.

Sai salon haruffa, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Haruffa masu siririn jiki da lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin biki an yi su ne don a rubuta suna ɗaya ko biyu. Idan aka mayar da su rubutun waya baki ɗaya, lambobi ne ke fara shiga haɗari: 1 ta yi kama da 7, 3 ta yi kama da 8, ɗigo kuma ya kusa ɓacewa. Yanzu mutane da yawa ta saƙon waya suke karɓar bayanin magani daga ɗan'uwa ma'aikacin jinya, ko su ajiye shi a waya don kada su manta. A ce an rubuto wa uwa ta ba jaririnta mililita 2.5 na maganin ruwa, ɗigon ya ɓuya, ta karanta 25. Ninki goma ke nan. Wanda ya zana haruffan yana can wata duniya, bai san da zaman jaririn ba.

Mu Hausawa kuma muna da tamu matsalar ta daban. Yawancin waɗannan salon rubutu ba a zana su da haruffanmu masu ƙugiya ba, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Idan wayar ta ci karo da su, ko dai ta aro su daga wani salo daban, su fito kamar baƙi a tsakiyar kalma, ko kuma a wasu wayoyin ɗan akwati ya tsaya a gurbinsu. Daga nan sai mutum ya gaji ya daina rubuta su. Wani zai ce ai ana ganewa. Ana ganewa a hirar duniya. A maganar lafiya kuwa, ƙashi daban, kashi daban. Baki daban, baƙi daban. Mai rubuta wa likita cewa bayan-gidansa ya koma baƙi yana ba da labarin alamar da ka iya nuna zubar jini a ciki, kuma bai kamata a tsaya hasashen abin da yake nufi ba. Saboda haka, duk salon da ya kasa nuna “ɓarawo ya ɗauki ƙwarya” daidai, a wurina ya faɗi jarrabawa, komai kyansa.

Akwai kuma maganar baƙar fuska, wato farin rubutu a kan baƙi, wadda ta zama ruwan dare tun da Android 10 da iOS 13 suka shigo da ita a 2019. Ana ta yaɗa cewa ita ce mai kare ido. Maganar ba ta kai haka sauƙi ba. Idan fuskar waya ta yi duhu, ƙofar da haske ke bi a tsakiyar baƙin ido takan buɗe sosai, kuma idan ta buɗe, kaifin gani yakan ɗan ragu. Shi ya sa wasu, musamman masu matsalar da ke sa gani ya rarrabu, suke ganin fararen haruffa kamar suna feshin haske a gefensu. A ɗaya ɓangaren, mai yanar ido, wanda haske mai yawa ke kashe masa ido, sau da yawa ya fi samun sauƙi da baƙar fuskar. Da dare a ɗaki mai duhu ma tana da daɗi. Abin nufi, babu hukunci ɗaya ga kowa, sai an gwada. Batun tanadin caji kuwa, a fuskar waya samfurin OLED ne yake aiki. Ƙananan wayoyi masu LCD fitilarsu ta baya a kunne take ko launi baƙi ne ko fari. Tun da an zo nan, bari in ƙara da cewa wani nazarin Cochrane na 2023, wanda ya tattara gwaje-gwaje 17, bai sami hujjar cewa tabarau masu tace shuɗin haske suna rage gajiyar ido ba. Wanda ke shirin kashe kuɗinsa a kansu ya sake tunani.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne iyayenmu. Daga shekara 40 zuwa sama, madubin da ke cikin ido yakan fara taurarewa, ganin kusa ya fara wahala, mutum ya riƙa miƙa hannu nesa kafin ya karanta. Wannan ba cuta ba ce, tafiyar shekaru ce, kuma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 a kan gani ya ƙiyasta masu wannan hali da biliyan 1.8. To amma wa ke saita wayar Baba ko ta Hajiya? Ɗansu ko jikansu mai shekara 20, ko yaron shago a kasuwar waya. Da idonsa ya zaɓa, da son ransa ya ƙawata, ya miƙa. Dattijo kuma, don kunya ko don kada a ce ya tsufa, sai ya yi shiru, ya koma mai jiran a zo a karanta masa saƙo, har da na banki da na asibiti, waɗanda sirrinsa ne. Idan za ka saita wa babba waya, ka zauna kusa da shi, ka buɗe saƙo, ka ce, “Baba, karanta mini wannan.” In ya yi jim, ƙara girman rubutun, ka sake tambaya.

Gwajin gaskiya ba ya cin kuɗi. Ka ɗora kwalliyar, ko ka yi amfani da damar gwaji in an bayar kafin biya, sannan ka buɗe dogon saƙon Hausa da wani mai lambobi. Ka riƙe wayar a tazarar kamar santimita 40, ka karanta a ɗaki, ka fita rana ka karanta, ka sake da dare. In ka ji kana matso da ita kusa da fuska, amsar ta fito. Ka kuma lura da manhajar kwalliya da ke neman izinin shiga saƙonninka ko lambobin mutanenka. Mai sauya launi ba shi da hurumi a wurin da banki ke turo maka lambar sirri. Abin dariya ma, gyaran da ya fi amfani, wato ƙara girman haruffa, kaurara su, da ƙarfafa bambancin launi, yana nan kyauta a cikin saitin wayar.

Sai dai kwalliya mai kyau ba ta hana ido bushewa. Mutum yakan ƙifta ido kusan sau 15 a minti ɗaya, amma idan ya ƙura wa waya ido adadin yakan faɗi zuwa rabi ko ƙasa, ga kuma iskar hunturu da ƙurarta. Duk bayan minti 20, ka ɗaga kai ka dubi abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Idan kuma ka ga kowane 'yan watanni sai ka ƙara girman rubutu, ko kana ganin zobe kewaye da fitila, ko kana yawan cin karo da abin da ke gefenka, to magana ta wuce saitin waya. Hawan ruwan ido yakan ci gani daga gefe ba tare da zafi ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Mai ciwon suga kuwa, ko yana gani garau, ya kamata a duba masa bayan idonsa sau ɗaya a shekara. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da Asibitin Ido na ECWA da ke Kano suna wannan aiki, haka ma sashen ido na manyan asibitocin jihohi. Ranar da za ka je, ka tafi da wayarka, ka nuna wa mai awon girman rubutun da kake karantawa da tazarar da kake riƙe ta, don ya yanka maka tabarau daidai da hakan.