Sharhi: Share Tsofaffin Hanyoyin Raba Intanet a Kwamfuta

Sharhinmu na yau na masu kwamfutar tafi-da-gidanka ne a Horo Birni da sauran garuruwan Shagari da Bodinga, musamman ɗalibai da malaman makaranta da ke sayen data su raba wa 'yan uwa da abokai.

Tun a 2009, lokacin da kamfanin Microsoft ya fito da Windows 7, kwamfuta ta samu damar raba intanet ba tare da igiya ba. Na'urar kama sabis guda ɗaya ce a cikinta, sai Windows ya ƙirƙiro mata tagwai na kwaikwayo wanda wayoyin jama'a za su riƙa kamawa. A 2016 Windows 10 ya sauƙaƙa abin da maɓalli guda, har na'urori takwas suna iya hawa. To amma idan an sabunta manhaja ko an sauya na'urar kama sabis, sau da yawa tsohon tagwan ba ya tafiya. Haka za su taru a ɓoye, lamba 2, lamba 3, lamba 4, kamar tsofaffin makullai a zoben mabuɗi. Ga shi da yawan kwamfutocinmu na hannu ne, da tarkacen mai su na farko suke zuwa.

Wannan yana cikin dalilan da za ka ga waya ta kama sabis, amma shafi ya ƙi buɗewa, domin kwamfutar tana tura intanet ta hanyar da ta daina aiki. Sai a yi ta zargin kamfanin layi, ko a ɗauki kwamfuta har Sakkwato wurin mai gyara, a kashe kuɗin mota.

Gyaran ba wuya. A buɗe Device Manager, a zaɓi nuna na'urorin da ke ɓoye, a cire waɗanda suka dusashe masu ɗauke da sunan Microsoft da kalmar Virtual. Don Allah kada a taɓa mai sunan Intel ko Realtek ko Qualcomm, wannan ita ce ta gaske. Idan an sake kunna rabon, Windows zai ƙirƙiro sabuwa da kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar sirri. Share tagwayen nan ba ya canza ta. Duk wayar da ta taɓa hawa tana riƙe da ita, kana kunnawa za ta kama ba sallama, ta shiga sauke bidiyo. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, kuma malamin firamare ya san nauyin wannan ƙari a aljihunsa. Taimakon maƙwabci alheri ne, amma ya dace mai data ya san wanda yake ba wa. A sauya sunan hanyar da kalmar sirrinta a ranar da aka yi sharar, sannan a faɗa wa waɗanda aka yarda da su.