Mai ƙirƙira ba boka ba ne

Ranar kasuwa, kekuna suna cika hanyar Madarunfa zuwa Maraɗi. A ɗakin shan magani kuma, mata suna layi da jarirai don allurar rigakafi. Mutane da yawa suna cewa waɗannan abubuwa hikima ce da Allah ya ba Turawa su kaɗai. Wannan magana ba daidai ba ce, kuma tarihin masu ƙirƙira na Birtaniya ya nuna haka.

A da, agana tana kashe yara, tana makantar da wasu, tana bar wa wasu zanzana a fuska. Edward Jenner likitan ƙauye ne a Ingila. Ya ji ana cewa mata masu tatsar shanu ba su kamuwa da agana, in sun taɓa ɗaukar ƙurajen hantsar saniya. Bai rena maganar ƴan ƙauye ba. A shekarar 1796, ya ɗebi ruwan irin ƙurjin, ya sa wa wani yaro ɗan shekara 8 a hannu. Daga baya ya gwada, ya ga agana ba ta kama yaron ba. A 1980 aka ba da sanarwa cewa agana ta ƙare a duniya.

John Dunlop kuwa likitan dabbobi ne, mutumin Sukotlan. Ɗansa yana da ƙaramin keke mai tayar roba dunƙulalliya, wadda ke jijjiga shi a kan duwatsu. Uban ya naɗa roba, ya hura mata iska, ya ɗaura a ƙafar keken. A 1888 aka ba shi takardar mallakar wannan dabara.

Amma ba su ne na farko ba. Wani manomi, Benjamin Jesty, ya yi wa iyalinsa irin wannan rigakafi tun 1774. Robert Thomson kuma ya yi taya mai iska tun 1845. Abin da Jenner ya fi manomin da shi, ya gwada sau da yawa, ya rubuta, ya yaɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

An yi irin wannan a ƙasar Maraɗi. A 1983, wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba matattu ba ne, saiwarsu tana da rai. Manoma suka gwada: maimakon su sare tohon duka, sai su zaɓi masu ƙarfi su bari, su rage sauran. Kalgo da sabara da gawo suka sake tashi. Manomi ya koya wa manomi, har dabarar ta kai ƙasashe da yawa.

Saboda haka, bai kamata ɗan makaranta ya tsaya ga haddace sunaye da shekaru ba. Ya buɗe ido a gona, a maƙera da bakin tafki. Ya tambayi tsofaffi, ya gwada, ya rubuta abin da ya gani cikin harshensa. Ilimin da ba a rubuta ba yakan bi mai shi kabari.

Tambayoyi
1. Daga wa Jenner ya samo dabararsa?
2. Me ya sa Dunlop ya hura wa taya iska?
3. Wace wahala ce a garinku take bukatar dabara?