RA'AYINMU: Baran Da Ba Ya Jin Hausa

Duk wanda ya daɗe a Kurmi ya san yadda tsarabar komawa gida take sauyawa da zamani. A da, in mutum ya taso daga Ikko ko Badun zai je Sallah, akwatin rediyo yake riƙo wa tsoho, ko agogon bango. Daga baya aka koma rakoda mai kaset, sannan talabijin, sannan janareta da wayar hannu. To, yanzu kuma ga wani sabon kaya a kasuwar Alaba da Computer Village ta Ikeja, watau 'yar lasifika mai jin magana, wadda za ka ce mata ta kunna fitila ta kunna, ka ce ta kashe fanka ta kashe. 'Yan'uwanmu da ke gina gidaje a Gombe daga nesa, a Tumfure ne ko a Federal Low Cost ko a bayan G.R.A., masu haɗa wutar gida sun fara kwaɗaita musu ita. Saboda haka muka ga ya kamata mu ja hankalin jama'a tun kafin a kashe kuɗi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, abar ba ta fi ƙaramin gwangwani ba. Kamfanin Amazon na Amurka ne ya fara fito da ita a shekarar 1914 da ɗari, watau 2014, da sunan Echo, muryar da ke amsawa a ciki kuwa ana kiranta Alexa. Google ya biyo baya da tasa a 2016, Apple kuma a 2018. Kunnuwanta, watau makirufo, kullum a buɗe suke suna jiran a ambaci sunanta. Da ka kira ta sai ta ɗauki abin da ka faɗa, ta aika ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ya yi ta, can za a warware maganar a maido mata da amsa, duk cikin daƙiƙa biyu ko uku. In an haɗa ta da kwan fitila, ko na'urar sanyaya ɗaki, ko makullin ƙofa, ko kyamarar tsaro irin waɗanda ke hawa Wi-Fi, sai ta riƙa miƙa musu umarni. A 2022 manyan kamfanonin nan suka amince da wani tsari guda mai suna Matter, domin kayan wannan kamfani su riƙa jin maganar na wancan.

Ba mu ce abar ba ta da amfani ba. Wanda ya bar mahaifiya tsohuwa a gida, ƙafa ta yi nauyi, ido ya yi rauni, ya san darajar a ce tana daga kwance ta kunna fitila da baki ba sai ta lalubi bango ba. Makaho zai ji lokaci da labarai ba tare da ya roƙi kowa ba. Mai ciwon sukari ko hawan jini za a tuna masa lokacin magani. Shi kuma maigida yana zaune a shagonsa a Mile 12 zai iya duba wayarsa ya ga ko an rufe ƙofar gidansa da ke Gombe. Duka wannan gaskiya ne. Amma fa an ƙera abar ne don gidan da wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ta yankewa, masu gida kuma suna jin harshen na'urar. Sai mu duba mu gani ko haka gidajenmu suke.

Na farko dai wuta. Mutanen Gombe ba su manta da watan Afrilu na 2024 ba, lokacin da ɓarayi suka lalata turakun babban layin wutar da ya taso daga Jos zuwa Gombe, aka shafe makonni jihohin Arewa maso Gabas suna cikin duhu. A watan Oktoba na wannan shekarar kuma sai da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wuta. Ga madatsar ruwa ta Dadin Kowa nan kusa da mu a kan kogin Gongola, an gina ta tun shekarun 1980, amma injinanta masu megawat 40 sai bayan shekara talatin da wani abu suka fara ba da wuta. Garin da wannan ne tarihinsa, wanda ya ɗora fitilarsa da fankarsa da makullinsa a kan na'urar da ba ta motsi sai da lantarki, alhali ba shi da sola da batir, ya sayi ado ne kawai ya ajiye a kan kabad.

Na biyu, ko da wuta, in babu intanet yawancin aikin abar ya tsaya, tunda ƙwaƙwalwarta ba a cikin ɗakinka take ba, tana can wata ƙasa. Kuɗin data kuwa kowane wata ne, ba sau ɗaya ba, kuma daga aljihun mai aikowa zai riƙa fita. Kada kuma a ce matsalar Nijeriya ce kaɗai. A ranar 20 ga Oktoba, 2025, manyan kwamfutocin Amazon da ke Amurka suka sami tangarɗa, aka wayi gari Alexa ba ta amsa wa mutane da yawa ko a ƙasashen Turawa, kyamarorin ƙofa na Ring su ma suka tsaya na sa'o'i. In haka ta faru a gidan da ke Bolari ko Jekadafari, kuma makullin ƙofa ba shi da ɗan mabuɗi na hannu, wa tsohuwa za ta kira da tsakar dare?

Na uku shi ne harshe, kuma a nan ne abin ya fi ba mu haushi. Alexa ta koyi Hindi a 2019, ta koyi Larabcin ƙasashen Saudiyya da Daular Larabawa a 2021, amma Hausa da miliyoyin mutane ke yi daga Gombe har Yamai da Kumasi ba ta cikin harsunan da take karɓar umarni da su, balle Fulfulde ko Tangale ko Tera. Ka ga ke nan wadda aka sayi abar dominta ita ce ba za ta iya yi mata magana ba. Sai a bar wa jikoki 'yan makaranta, su mai da ita abin wasa suna sa ta waƙa. Ko mai jin Turancin ma, sau da yawa sai ya lanƙwasa harshe ya kwaikwayi Bature kafin ta gane shi. Bara ne ka kawo gida kana biyansa, amma kai ne za ka koyi yarensa.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne sirrin gida. A al'adarmu baƙo a zaure yake tsayawa, ba ya wuce nan sai da sallama da izinin maigida. Wannan baƙo kuwa har uwar ɗaka ake kai shi, kunnensa a buɗe dare da rana. Kamfanonin suna cewa ba ya ɗaukar magana sai an kira sunansa, amma yakan yi kuskuren ji. A 2018, a birnin Portland na Amurka, wata Echo ta naɗi hirar wani mutum da matarsa ta aika wa wani da ke cikin lambobin wayarsu, kamfanin kuma ya amsa cewa haka aka yi. A 2019 aka fallasa cewa akwai ma'aikata da ke sauraren wasu daga cikin muryoyin da aka naɗa don gyara aikin na'urar. A 2023 Amazon ya yarda ya biya tarar dala miliyan 25 a Amurka bisa zargin ajiye muryoyin yara ƙanana, reshensa na Ring kuma ya biya dala miliyan 5.8 bisa zargin cewa ma'aikata sun riƙa leƙen hotunan cikin gidajen mutane. In an yi wa Ba'amurke haka a ƙasarsa, inda yake da lauya da hukuma a kusa, to ina ga iyalinka da ke Herwagana?

Ba wai Nijeriya ba ta da doka ba ce. Ɗan garin nan ne ma, Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami, yake shugabancin hukumar NITDA a lokacin da ta fitar da ƙa'idar kare bayanan jama'a a watan Janairu na 2019, kuma a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan cikakkiyar doka wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa. Amma doka ba ta tsaron ɗakin kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ga shawararmu ga 'yan'uwa mazauna Agege, da Idi-Araba, da Sabon Badun, da Shagamu, da Fatakwal. In kuɗin ya samu, a fara sa wa gida sola da batir mai kyau, wannan shi ne tsarabar da tsohuwa za ta yi ta sa maka albarka a kanta. Wanda ya wuce wannan mataki kuma yana son na'urar, to ya tabbata kowace fitila tana da makunninta na bango, kowace ƙofa tana da mabuɗinta na hannu. A ajiye lasifikar a falo, kada a kai ta ɗakin kwana. Akwai maɓallin toshe mata kunne, a nuna wa mutanen gida shi. Kyamara ta tsaya a ƙofar waje, kada ta kalli tsakar gida inda mata ke harkokinsu. Yaron da ya zo ya haɗa kayan, da ya gama a sauya lambobin sirri, domin wanda ke riƙe da su yana riƙe da mabuɗin gidanka ne. Sannan kada maigida ya sa abin sauraro a gida bai gaya wa iyalinsa ba, wannan ba tsaro ba ne, cin amana ne.

Game da harshe kuwa, kuka ba zai yi mana magani ba. Na'ura ba ta koyon yare sai an tara mata dubban sa'o'i na muryoyin masu yaren. An ma fara. Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara tun 2013, a 2024 kuma ya ba da damar yin bincike da baki cikin Hausa a wayar hannu. Gidauniyar Mozilla tana da wani shiri mai suna Common Voice, inda kowa zai iya karanta jimlolin Hausa ya ba da muryarsa kyauta, kuma abin da aka tara kowa na iya amfani da shi. Muna kira ga matasanmu da ke Kurmi, waɗanda waya ba ta barin hannunsu, su ba wannan aiki ko da minti goma a rana. Muna kuma kira ga Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere, da gidajen rediyon jihar, su haɗa kai su tattara muryoyin Hausar Gombe da Fulfulde da sauran harsunan jihar, da yardar masu su, a kuma ajiye su a hannunmu. In ba mu yi ba, wasu za su zo su yi, sannan su sayar mana da muryarmu.

Ranar da tsohuwa za ta ce "kunna mini fitila" da harshen da ta sha a nono, fitilar kuma ta kama ko da an ɗauke wuta, maganarta kuma ta tsaya a ɗakinta, ranar mu ne za mu fara cewa a saya. Kafin nan, a yi hattara da kuɗin gumi. Allah ya sa mu dace, ya kuma maido kowa gida lafiya.