Takardar Koke kan Ɗakin Gwaje-gwajen Kemistiri na Makarantar 'Ya'yanmu

Daga: Iyayen ɗaliban ajin kimiyya, Garki, Abuja
Zuwa ga: Shugaban hukumar da ke kula da makarantar

Ranka ya daɗe,

Mu iyayen ɗaliban aji biyu da aji uku na babbar sakandare a nan Garki mun kawo maka kukanmu kan halin da ɗakin gwaje-gwajen kemistiri yake ciki.

'Ya'yanmu sun haddace cewa ruwa yana tafasa a digiri 100, sinadarin etanol kuma a digiri 78, kuma da wannan tazara ake raba su. A ɗora gaurayen a wuta, wanda ya riga tafasa ya tashi tururi, ya bi ta bututun gilashi da ruwan sanyi ke kewayawa, ya koma ruwa, ya ɗiga a wata kwalba. Duk wannan a allo kawai suka gan shi. Bututun sanyayawa ya fashe, ma'aunan zafi sun karye, tukunyar gas ba komai, famfon ɗakin kuma ya ƙafe. Malaminsu yana iya ƙoƙarinsa da alli, amma gani ya kori ji.

Da yaran za su auna da hannunsu, da sun ga ruwa a Abuja yana tafasa tsakanin digiri 98 da 99, domin garin yana kan tudu, inda nauyin iska bai kai na bakin teku ba. Da sun tambayi dalili, kuma daga irin wannan tambaya ake samun masanin kimiyya.

Ranka ya daɗe, darasin nan ya shafi rayuwarmu. A kansa aka gina matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 da matatar Ɗangote da aka ƙaddamar a 2023 don raba ɗanyen mai zuwa fetur, kananzir da man dizal. Shi ke bayyana abin da ya sa risho ko fitila ke fashewa idan an gauraya kananzir da fetur, tunda fetur yana zama tururi da ɗan zafi kaɗan. Tun ƙarni na 9 masanin nan Alkindi ya rubuta littafi a Bagadaza kan haɗa turare ta wannan hanya ta tafasawa da sanyayawa. Bai dace a ce yaro a babban birnin tarayya ya gama sakandare bai taɓa ganin ta ba. Ga kuma jarrabawar WAEC da NECO, waɗanda gwajinsu na aiki yake buƙatar tataccen ruwa da hannun da ya saba riƙe kayan gilashi.

Don haka muke roƙo:

1. A turo jami'ai su duba ɗakin da idonsu.
2. A sayo bututan sanyayawa, kwalabe da ma'aunan zafi da za su wadaci ɗalibai.
3. A gyara famfo, a riƙa cika gas kowane zango.
4. A samar da na'urar kashe gobara, tabarau na kariya da akwatin agajin gaggawa.
5. A ɗauki ma'aikacin da zai kula da kayan.

Mu ma a shirye muke mu ba da gudummawa gwargwadon ƙarfinmu, muddin za a nuna mana inda kuɗin ya shiga. Muna fatan a yi gyaran kafin 'yan aji uku su zauna jarrabawa. Allah ya taya ka riƙo, ya yi maka jagora.

Naka masu biyayya,
Iyayen ɗaliban ajin kimiyya, Garki