Misiyo a Agiye, kwana a Maraɗi: ina amfanin tafiyar?

Yau za mu taɓo wata al'ada da ta zama jiki ga ma'aikatanmu, na gwamnati da na ƙungiyoyi baki ɗaya. Mota ta taso daga Yamai ko Maraɗi da sunan misiyo, ta iso Agiye ko Gazawa da hantsi, a shiga zauren taro, a sha ruwan leda, a sa hannu a takardar kuɗin tafiya, a ɗauki hoto gaban kyalle. Kafin la'asar mota ta juya ta nufi otel a Maraɗi. Gobe a sake dawowa, kilomita wajen 80 zuwa, 80 komawa. Ranar ƙarshe a rubuta rahoto cewa an "ziyarci al'umma".

Mu dai a ganinmu, wanda ya yi haka bai zo Agiye ba, zauren taro ya zo. Zama da abokan aiki bayan an tashi, cin tuwo a kwano ɗaya, da fita ganin gari, duk suna cikin aikin da aka turo mutum. Ba ɓata lokaci ba ne.

Ku duba abin da ke bayan katangar zauren nan. Gundumar Agiye na cikin wuraren da duniya ta san su da sassaben zamani, wato manomi ya bar tohon itatuwan da ke fitowa daga kututture a gonarsa, ya zaɓi masu ƙarfi ya rage sauran, ya yi ta renon su har su girma. A jihar Maraɗi wannan dabara ta fara bazuwa tun wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan Ostiraliya, ke aiki da manomanmu. Yau ana maganar hekta wajen miliyan 5 da suka sake yin kore a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. Garin Ɗan Saga ya yi suna a kan haka, har baƙi daga wasu ƙasashe sukan zo su ga yadda kwamitin gari ke tsaron itatuwa daga masu sara. To, abin kunya ne a ce ma'aikacin gona ko na muhalli ya yi kwana uku yana atiliye a Agiye kan "canjin yanayi", ya koma bai taɓa tsayawa ƙarƙashin gawo a gonar wani ya tambaye shi yadda geronsa ke yi a gindin itacen ba. Gani ya kori ji.

Haka abin yake a yamma. Wanda aka tura Gidan Rumji, a kan hanyarsa Tibiri take, inda fadar Sarkin Gobir take tun bayan da Gobirawa suka kafa garin a wajajen 1836. Tsayawar rabin awa a gaida fada ta fi shafi goma na rahoto koya wa mutum yadda ake shiga mutanen yankin, wa ake fara gaidawa, wa ke da ta cewa idan rikicin gona ya tashi. Mai aikin rigakafi ko rajistar yara da bai san wannan ba, zai yi ta mamakin me ya sa mutane ba su fito ba.

Sannan ga maganar junanmu. A biro kowa da kujerarsa, shugaba can, sakatare nan, direba a waje gindin bishiya. Tafiya ce kaɗai ke haɗa su a tabarma ɗaya. A wajen shayi bayan isha'i ne ƙaramin ma'aikaci ke samun bakin cewa, "Ranka ya daɗe, jadawalin nan ba zai yiwu ba, gobe ranar kasuwa ce, ba wanda zai zo." Direban da ya shekara goma yana bin hanyar Tasawa ya san wace hanya ke yankewa da damina, ya san garin da mai gari ba ya son a zo masa ba sanarwa. Amma in an iso masauki manya suka shige ɗaki da abincinsu, aka bar shi ya nemi na bakin tasha, wannan ilimi nasa da shi zai kwana.

Mun san abin da wasu za su ce: kuɗin talakawa ne, an tura ku aiki kun tafi yawo. Maganarsu na da tushe, don an sha ganin motar aiki ta yi doguwar ratse don wani ya sayo buhun aya ko ya gaida surukai, da man da aka rubuta na aiki ne. Wannan ba buɗe ido ba ne, cin amana ne. Shi ya sa muke cewa abin na da ƙa'ida.

Aiki ne farko, sai an gama shi a fita. Abin da za a ci a sha a wajen yawo, daga aljihu. Kuɗin tafiyar nan da aka karɓa, ai don a ci a kwana a wurin aka bayar, kuma in aka kashe shi a Agiye ko Gazawa, mai tuwo da mai shayi da mai masauki ne za su amfana. In kun shiga ƙauye kada ku zama nauyi. Mutanenmu na da kara, za su yanka kazar da ba su da kamarta don baƙi, ko da rani ya yi tsanani. Mai hankali yakan riga su, ya kai goro da sukari, ya ce ruwa kawai ya isa.

A kuma tuna da mata abokan aiki. In hirar duk a fadar shayi ta maza za a yi ta har tsakar dare, a can kuma a yanke shawarar aikin gobe, to an cire su ke nan. A ci abincin dare tare da wuri, a yi maganar aiki kowa na nan.

A ɓangaren Gidan Rumji kuwa, sai an ƙara kula. Yankin iyaka na fama da 'yan bindiga, don haka ba a fita yawo sai da shawarar hukumomin wurin, kuma ba a kai dare a hanya. Garuruwa irin su Cadakori, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau sun karɓi 'yan gudun hijirar da suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina tun 2019. Waɗannan bayin Allah ba abin kallo ba ne. Kada a ɗauki hoton uwa da ɗanta a watsa a Facebook ba da izininta ba, don a nuna an je "fili".

Kiranmu ga shugabannin ma'aikatu shi ne, duk misiyon da ta wuce kwana biyu a sanya mata yammaci ɗaya na zaga gari cikin jadawali, a bayyane, da ɗan gari mai rakiya. Su kuma magadan gari da sarakunanmu su tanadi masauki mai tsabta da ruwa da wuta, don baƙo ya rasa hujjar gudu Maraɗi. Zumunci a ƙafa yake, aikin al'umma ma haka.

Ku da kuke Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, ma'aikatan da ke zuwa muku suna kwana kuwa? Muna jiran ra'ayoyinku. Allah ya kai kowa gida lafiya.