Kama Da Wane Ba Ta Wane

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. A wannan mako ina son mai karatu ya ga yadda wannan karin magana yake aiki a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, inda sakaci da shi yake buɗe wa ɓarayi ƙofa.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta tamkar unguwa ce mai gidaje a jere, kowane gida da lambarsa. Duk bayanin da manhaja ta ajiye, a ɗaya daga cikin gidajen nan yake zama. Abin da masana suke kira manuni kuwa lambar gidan kaɗai yake riƙewa. Saboda haka manunai biyu suna iya nuna gida ɗaya, kamar mutum guda mai suna da laƙabi. Abin da aka sauya ta hannun ɗaya, ɗayan zai tarar da shi a sauye. Haka nan gidaje biyu suna iya ƙunsar bayani iri ɗaya, kamar tagwaye, amma taɓa Hassan bai shafi Hussaini ba. Shi ya sa harshen Python ya tanadi gwaji iri biyu: ɗaya yana tambaya ko abubuwa biyu sun yi daidai, ɗayan kuma ko abu guda ne.

A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a wajajen 1972, mai rubuta manhaja ne yake karɓar gida, shi ne kuma yake mayar da shi idan ya gama. In ya mayar amma ya manta da manuni, sai a ba wani gidan, tsohon manuni kuma ya ci gaba da kai saƙo can. Nan masu kutse suke laɓewa: su tare a gidan da aka saki, manhaja ta ɗauke su a matsayin mai gida na asali. A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na kafofin tsaro da yake toshewa duk shekara daga kurakuran sarrafa ƙwaƙwalwa suke. A 2020 masu kula da Chrome suka fitar da adadi makamancin wannan.

Harshen Rust, wanda ya tsaya da ƙafafunsa a 2015, ya zo da doka: kowane bayani yana da mai shi guda ɗaya, saura aro suke yi, kuma aro ba ya wuce ran mai kaya. Manhajar da ta karya dokar ba za ta haɗu ba balle ta yi aiki. A ƙarshen 2022 aka buɗe masa ƙofa a cikin Linux.

Ra'ayina shi ne jami'o'inmu su ci gaba da koyar da C, domin a nan ɗalibi yake ganin manuni ƙuru-ƙuru, sannan su haɗa masa da Rust kafin ya kammala. Ɗaliban nan ne gobe za su rubuta manhajojin bankuna da asibitoci, kuma kuɗin mai karatu da sirrin lafiyarsa a hannun manuninsu za su kwana.