Jirgin na Ingila ne, amma ƙasar da ya tsaya a kai fa?

1/ Masu harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba, ku matso, yau da ku nake. Mutum zai ƙare wata guda yana goge jirgi da samfefa, yana feshin fenti, sai ya manna shi a kan katako mai koriyar ciyawa ya ce ya gama. A ganina wannan katakon shi ne rabin aikin, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

2/ Jirgi shi kaɗai samfurinsa kawai yake gaya maka. Ƙasar da ke ƙarƙashin tayarsa ita ke faɗin ina ne, yaushe ne. Ɗauki Hurricane. Kwalin Airfix zai nuna maka shi a sararin Ingila, kowa kuma ya bi kwali. Alhali jirgin nan ya sha ƙurar Kano.

3/ A 1940 Italiya ta shiga yaƙi, Faransa ta faɗi, hanyar Bahar Rum ta zama haɗari ga Ingila. Sai suka koma kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a Gana ta yau. Nan ake haɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena, su ratsa Darfur zuwa Khartum, sannan Masar.

4/ Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940: Blenheim ɗaya a gaba yana nuna hanya, Hurricane shida na biye. Kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi ta nan. Da Chadi ba ta koma ɓangaren de Gaulle a Agustan 1940 ba, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, da hanyar ta yanke a tsakiya.

5/ To wa ya share filayen? Wa ya mirgina gangunan mai? Leburorin garuruwan nan ne. Ba za ka same su a cikin kwali ba, sai dai ka sa su da hannunka.

6/ Yanzu aiki. A ma'aunin 1/72, faɗin fukafukan Hurricane santimita 17 ne, mutum a tsaye kuma bai fi milimita 24 ba. Ma'ana ƙwayar yashi mai milimita ɗaya ta zama dutse mai santimita bakwai. Ka kwaso yashin gini ka barbaɗa, ka ajiye jirginka a kan tsakuwar da babu matuƙin da zai yarda ya sauka a kai.

7/ Jar ƙasa za ka samo, ka shanya, ka daka, ka tankaɗe da rariya, ka sake tacewa da tsumma. Farin gam na kafintoci, a tsinka shi da ruwa, a shafa, a barbaɗa. Kafin ya bushe ka danna tayoyin kaɗan, ka ja sawunsu a baya. Jirgi abu ne mai nauyi. In yana shawagi a saman ƙasa kamar fara, ido zai gane ko mai shi bai gane ba.

8/ Abokanmu na Turai kuɗi suke biya su sayi garin launi mai kamar wannan ƙasa a 'yar kwalba. Mu tana bayan gida.

9/ Inda za mu saɓa da wasu: yayin tsufar da jirgi. A kankare fenti, a zuba tsatsa, a baƙanta ko'ina, wai don ya yi kama da na gaske. Haba. Jirgin da ya sauka Kano kwanansa kaɗan da fitowa daga akwati. Ƙura a taya da ƙasan ciki, ɗan hayaƙi a bayan salansa, shi ke nan. Tsatsa kuwa, bayan jikin Hurricane da ƙyalle aka lulluɓe shi. Ƙyalle na tsatsa?

10/ Kuma a duba hanci. Na ƙasashen zafi yana da matatar iska ta Vokes, wani ƙullutu a ƙarƙashin farfela, don kada yashi ya cinye inji. Ba kowane kwali ke zuwa da ita ba, a tambaya kafin a biya.

11/ Wani zai ce yaƙin Turawa ne, ina ruwanmu. Na ji. Amma ta samanmu aka bi, kuma hannun mutanenmu ne ya cika tankunan. Wanda ke da tsohon hoton filin jirgin Kano na shekarun 1940, don Allah ya ajiye mana a ƙasa, ina son ganin yanayin rumfunan.